Matar da Aka Bari a Kwazazzabo

Da yashi Nella ke gurzar gindin tukunyar, tana dirza kamar fuskar wani ce ta samu a hannunta. Tukunyar ƙarfe ce mai ƙafa uku, ta Mista Beukes, ogan mijinta a wurin aiki. Jiya da yamma shi ya hau murhu da kansa, wai zai nuna musu yadda ake girkin daji. Ya ƙona naman, ya ci rabonsa da na wasu, ya shige tanti. Wankin kuwa ya faɗa kan wadda ya saba faɗawa.

Mijinta Gerson ya zo ya tsuguna kusa da ita, ya sassauta murya.

"Nella, Yallaɓai ya tashi. Yana tambaya ko da ƙwai."

"Ka ga kaza a hamadar nan?"

"Haba ke kuwa. Na ga kin saka ƙwai a akwatin ƙanƙara."

"Na mutum biyu na saka, ni da mijina. Ban san an ƙara mini wani mijin a hanya ba."

"Don Allah rage murya, zai ji."

"To ya ji mana. Kunnen ado ne?"

Duk da haka ta tashi ta soya, domin ba ta iya ganin baƙo da yunwa ba, ko da baƙon da ba ta gayyata ba ne. Abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Aikinta girki ne a makarantar kwana a garin Mariental. Zango guda cur tana tsaye kan manyan tukwane tun kafin gari ya waye, tana tuƙa wa 'ya'yan mutane tuwon masara, har warin hayaƙi ya zama turarenta. Tun suna sabon aure Gerson ke mata alkawarin zai kawo ta wannan gandun daji na hamada, su kafa tanti su biyu, su hau kwazazzabo har zuwa idon ruwan da ke can sama tsakanin duwatsu. Shekara ta bi shekara, yara suka zo, alkawari yana nan a baki. Bana da abin ya tabbata, ta kai yaran gidan mahaifiyarta, ta sayi takalmin tafiya na gwanjo, ta yi kwana da kwanaki tana murna kamar yarinya.

Sai da suka tsaya shan mai a bakin gari wata doguwar farar mota ta tsaya bayan tsohuwar akori-kurarsu, ta danna ƙaho. Gerson ya sosa ƙeya ya ce, "Af, na manta ban faɗa miki ba."

Bai manta ba. Kamfanin kayan ginin da yake wa aiki zai buɗe sabon reshe a bakin teku, ana neman manaja, kuma Mista Beukes ne mai zaɓe.

Ma'aikacin gandu ya gargaɗe su tun a ƙofar shiga cewa mai son hawa kwazazzabo ya tashi kafin rana ta fito. Ba su bar sansani ba sai da rana ta ɗaga sosai, domin bayan ƙwai Yallaɓai ya nemi shayi, bayan shayi ya nemi hularsa, sannan ya tsaya a ɗauke shi hoto da sabbin sandunansa biyu na tafiya. Matarsa, Anti Sanna, doguwar dattijuwa ce siririya, ta yi zaune kan kujera da littafi a cinya. Tun jiya Nella ta yanke mata hukuncin girman kai.

Suka kama hanya ta cikin busasshen rafi. Tsakuwa na zamewa ƙarƙashin ƙafa, duwatsu jajaye sun tashi hagu da dama, iska ta tsaya cak. Mista Beukes na gaba yana ba da labarin yadda ya taɓa korar zaki da fitilar hannu. Gerson na biye da shi, jakarsa a baya, jakar oga a ƙirji, yana dariya tun kafin labari ya kai wurin dariya.

"Kai Yallaɓai! Ai da ni ne da tuni na sheƙa lahira."

Nella ta dubi mijinta ta baya. Mutumin nan a gida ko kofin da ya sha ruwa ba ya ɗaukewa daga tebur, ga shi yau ya zama jakin wani. Ta tuna yadda ya tsare ta a bakin coci shekarun baya, ƙirji a buɗe, ya ce shi ba ya durƙusa wa kowa sai Allah. Ta yi tsaki har Anti Sanna ta waiwayo.

Da zafi ya fara cizo, Mista Beukes ya cire hula, ya karɓi gora daga hannun Gerson, ya tuttula rabin ruwan a sanƙonsa.

"Yallaɓai," in ji Nella, "ruwan sha ne fa, ba na wanka ba."

"Matarka akwai baki, Gerson," ya ce yana dariya. "Irin waɗannan ne ke riƙe gida."

"Wasa take yi, ranka ya daɗe. Haka take da barkwanci."

Gerson ya juyo ya harare ta. Ta rama da wadda ta fi tasa, kuma a daidai wannan lokacin, idonta na kansa maimakon hanya, dutsen da ta taka ya juya. Ta ji wani abu ya ce ƙas a idon sawunta, ta zube a kan tsakuwa, zafi ya harba har cikin haƙoranta.

Gerson ya jefar da jakunkuna ya rugo. Ba za ta ci haƙƙinsa ba: ya rugo da gaske, fuskarsa a firgice. Ya kwance mata takalmi, ƙafar ta riga ta fara hawa kamar ƙullin fanke. Ya ɗaga ta, ta gwada takawa, ta yi ƙara ta koma zaune.

"Targaɗe ne ko karaya?"

"Ni likita ce? Riƙe ni mu gwada kuma."

Bai kai ga riƙe ta ba suka ji nishi a bayansu. Mista Beukes ya zauna daɓas kan wani dutse, hannu a ƙirji, ido a lumshe.

"Gerson. Gerson! Jiri nake ji. Jinina ya hau. Maganin yana mota."

Gerson ya dubi oga, ya dubi matarsa, ya sake duban oga. Nella na kallon idanunsa suna kai da kawowa, ta ga lokacin da suka tsaya, tun kafin bakinsa ya buɗe.

"Nella, ki ji. Ke ƙafa ce, shi kuwa zuciya ce. Bari in sauke shi sansani, yanzu-yanzu zan dawo."

"Za ka bar ni a nan?"

"Ga inuwa. Ga ruwa. Kafin ki ƙifta ido na dawo."

"Gerson Hoebeb, dube ni da kyau. Za ka bar ni a nan?"

"In wani abu ya same shi a hannuna, me zan ce wa mutane?"

"In wani abu ya same ni, me za ka ce wa 'ya'yanka?"

Ya ja ta zuwa gindin wani dutse mai rumfa, ya ajiye mata gorar da oga ya yi wanka da rabinta, ya saɓa hannun oga a kafaɗarsa. Anti Sanna ta tsaya tana duban Nella, kamar za ta yi magana, sai mijinta ya daka mata tsawa cewa ta ɗauko sandunansa. Ta ɗauka ta bi su. Ƙarar tsakuwa ta yi ta nisa har ta ɓace.

Da farko fushi ya ɗauke mata zafin ƙafar. Ta zauna tana tsara maganganun da za ta faɗa masa, tana gyarawa, tana ƙara musu barkono. Ta tuno duk ranar Lahadin da ya bar su a tebur ya tafi wanke motar oga. Ta tuno ranar bikin baftismar autarsu, da ya miƙa wa Mista Beukes kan akuya, rabon da ya kamata a ba mahaifinta, tsohon ya yi shiru ya ci hanji. Wanda ya hau motar kwaɗayi, in ji masu magana, a tashar wulaƙanci zai sauka. To ita me ya kai ta motar, da har aka sauke ta tun kafin a isa tasha?

Rana ta hau tsakiyar sama. Inuwar dutsen ta yi ta tsukewa, tana janye ƙafafunta tana bin ta, har ta manne da bango kamar ƙadangare. Ruwan gorar ya yi ɗumi kamar shayin da aka manta. Ta kurɓa kaɗan, ta rufe, ta sake buɗewa. Ƙudaje ƙanana suka sami gefen idonta.

Sai ta ji haushi daga sama, kamar na kare amma ya fi kauri. Garken bika ne, manyan birai, a kan gaɓar dutse. Babban namijin ya sauko ya zauna a kan wani falalen dutse da ba shi da nisa da ita, yana kallon jakarta, yana hamma yana nuna haƙora masu tsawon yatsa. Ta lalubi dutse ta riƙe.

"Zo mana!" ta daka masa. "Zo, kai ma ƙwai kake so? Zo in soya maka!"

Muryarta ta bugi duwatsu ta dawo. Bikan ya sosa ciki, ya dube ta kamar ya ga mahaukaciya, ya juya ya bi garkensa. Da suka ɓace ne ta fashe da kuka, kukan da ya fi kama da amai, tana dukan ƙasa da dutsen da ke hannunta. Ta ƙwala kiran Gerson da dukan ƙarfinta. Kwazazzabon ya maido mata da sunan, babu mai shi.

Ruwan ya kusa ƙarewa, harshenta ya fara manne wa dasashi, lokacin da ta ji takun mutum. Ta share fuska, ta shirya bakinta. Amma wadda ta ɓullo daga lanƙwasar rafin Anti Sanna ce, ita kaɗai, fuskarta ja wur, goruna biyu a rataye, sandunan mijinta a hannu.

"Sha a hankali, 'yata," ta ce tana haki. "Kada ki kwankwaɗe."

Nella ta sha. Da ta sami numfashi ta ce, "Ina yake?"

"Ya kai Beukes asibitin da ke bakin ƙofar gandu."

"Bakin ƙofa? Tafiyar da ta ci mana awa biyu jiya?"

"Da muka isa sansani ya sha maganinsa, ya ce bai yarda ba sai an auna shi. Mijinki ya ce masa bari ya dawo ya ɗauko ki tukuna. Beukes ya ce, 'Gerson, a irin wannan ranar ake gane mutum.' Shi ke nan, mijinki ya karɓi makullin mota."

"Ke kuma ba ki bi mijinki ba?"

Anti Sanna ta yi wata gajeriyar dariya marar daɗi. "Na san ciwon nan tun kafin a haife ki. Ba ya tashi sai hanya ta yi tudu. Ranar da na haifi ɗan farinmu ma shi aka kwantar." Ta durƙusa ta taɓa ƙafar a hankali. "Kin san idon ruwan nan bayan wancan dutsen yake? Da kin yi shiru da kin ji ƙararsa. Tashi, ƙafar nan sanyi take so."

Ta ba ta sanda ɗaya, ta saɓa hannunta a kafaɗa. Da ɗingishi da tsalle da zagi suka zagaya dutsen, sai ga shi: ruwa garai-garai a cikin kwarmin farin dutse, wata tsohuwar bishiyar ɓaure ta yi masa rumfa, 'yan tsuntsaye na sauka suna tashi. Wurin da Nella ta yi shekaru tana gani a zuciyarta. Ta tsoma ƙafar, sanyi ya ratsa ta har ƙeya. Kyan wurin bai sanyaya mata rai ba, ƙara hura wutar ya yi.

"Da shi ya kamata in zauna a nan," ta ce. "Ya sayar da ni saboda kujerar manaja."

Anti Sanna ta cire takalmanta ita ma ta tsoma ƙafa.

"Zan faɗa miki wata magana, ki yi yadda kika ga dama da ita. Kujerar nan babu ita. An ba ɗan ƙanwar Beukes tun makon jiya, a falona aka sha shayin murna, ni na dafa. Sai an koma aiki za a sanar."

Nella ta juyo gaba ɗaya. "To me ya kawo shi nan? Me ya sa ya biyo mu?"

"Wa zai kafa masa tanti? Wa zai ɗaukar masa jaka? 'Ya'yanmu sun daina zuwa da shi ko'ina."

Nella ta buɗe baki, ta rasa wanda za ta fara zagi, ogan ko baransa. Ta ɗebi ruwa da hannu biyu ta watsa a fuska, ta sake watsawa. Sai dariya ta ƙwace mata, mai ɗaci, har da hawaye. Anti Sanna ba ta taya ta ba, ba ta kuma hana ta ba. Ta yage gefen gyalenta ta ɗaure ƙafar tam.

Saukowar ta ci sauran yinin. Kowane taku sai Nella ta ciji leɓe. Tsohuwar da ta ɗauka mai girman kai ce ta zama ƙafarta, ƙashin kafaɗarta na sukar hammatar Nella, ba ta ce ta gaji ba ko sau ɗaya. Rana ta karkata, duwatsu sun koma kalar garwashi, lokacin da suka hango tantuna. Nella ta zube kan kujera ke nan, farar motar ta shigo da ƙura a bayanta, motar ma'aikatan gandu na biye.

Gerson ya diro tun motar ba ta gama tsayawa ba.

"Nella! Allah na gode maka! Ga shi na taho da mutane da gadon ɗaukar marar lafiya, yanzu za mu hau..."

"Sannu da ƙoƙari. Har na ƙifta idon."

"Ki tsaya ki ji yadda aka yi."

"Kada ka taɓa ni."

Ma'aikacin gandun ya duba ƙafar, ya ce ga alama targaɗe ne, ta huta, in kumburin bai sauka ba a kai ta asibiti a yi hoto. Ya dubi Gerson sama da ƙasa, ya ce ba a barin mutum shi kaɗai a kwazazzabo, ko da lafiyarsa ƙalau. Ya shiga motarsa ya tafi.

Mista Beukes bai ko fito ba. Ya sauke gilashi, gwangwanin lemo mai sanyi a hannunsa.

"An ce zafi ne kawai, amma ni na san jikina. Ba zan ƙara kwana a wannan jejin ba. Sanna, haɗa kaya. Gerson zai tuƙa ni, ke ki biyo mu da akwalar tasu, ki ɗauko matarsa."

"Ba inda za ni," in ji Anti Sanna, tana zuba ruwa a buta. "Yarinyar nan ba za ta iya zaman mota da wannan ƙafar ba. Kuma ni ban gama hutuna ba."

"Me kika ce?"

"Kunnenka ma jinin ya hau?"

Ya zuge gilashi da fushi, ya danna ƙaho.

Gerson ya durƙusa gaban Nella, bai taɓa ta ba. Gumi ya bushe a fuskarsa ya bar farin gishiri, leɓensa ya tsage. Ta lura ko ruwa bai tsaya sha ba.

"Na san na yi miki laifi. Amma don wa nake yi? Don ke da yaran nan. A hanya ya ce mini ba zai manta da abin da na yi masa yau ba. Da bakinsa ya faɗa. Bakin teku, Nella. Ki bar tukwanen nan har abada."

"Na roƙe ka ka raba ni da tukwane? Kwana kaɗan na roƙa. Kai na roƙa."

"Saura ƙiris. In na bar shi yanzu, duk wahalar ta tashi a banza."

Maganar kujerar tana kan harshenta. Kalma kaɗan ce, ta san kuma abin da za ta yi: zai miƙe, ya jefa wa oga makullinsa, ya dawo ya zauna yana matsa mata ƙafa har gari ya waye. Ta ji Anti Sanna ta daina motsi a bakin murhu, tana jira.

Amma ba don ita zai zauna ba. Nella ta haɗiye maganar.

"Ga ni, ga shi," ta ce. "Ba zan ce maka tafi ba, ba zan ce zauna ba."

Ƙaho ya sake tashi, dogo. Gerson ya dubi motar, ya dubi ƙafarta da ke ɗaure da gyalen wata. Ya daɗe a durƙushe, har ta fara sa rai. Sannan ya laluba aljihu, ya ciro makullin akori-kura, ya ajiye a kan cinyarta.

"Zan sauke shi kawai. Gobe da sassafe zan nemi mota in dawo. Na rantse."

Ta bi farar motar da ido har ƙurarta ta kwanta a kan hanya.

Anti Sanna ta kawo shayi kofi biyu, ta miƙa mata ɗaya, ta ja kujera ta zauna kusa da ita. Can nesa wasu barewa suna tsallaka fili a jere.

"Ba ki faɗa masa ba."

"A'a."

"Me ya sa?"

Nella ta hura shayin, ta kurɓa. Rabon da wani ya dafa ya miƙo mata har ta manta.

"Da na faɗa masa, Anti, ai da ya zauna."